Taya Mai Dutse

Wani saurayi ya kawo min tayar babur ranar wata Asabar. Ya tsaya a kaina yana kallo ina fitar da tub, ya ce, "Baba, wannan aikin ai sati ɗaya ya isa mutum ya koya." Na ce masa haka ne. Sati ɗaya ya isa ka koyi toshe huji. Sauran aikin shi nake koya shekara talatin da ɗoriya, ban gama ba.

Abin da kuke gani ke nan, ku matasa: tsoho a gefen titi, da injin iska, da rabin duro na baƙin ruwa. Ba ku ganin cewa duk motar da ta tashi daga gabana, mutanen cikinta a kan maganata suke zaune. Direba sitiyari ya sani. Taya kuwa ni yake tambaya. Idan na ce za ta kai, sai ya loda mutane ya tafi. Akwai lokacin da na ce za ta kai alhali ban san abin da nake faɗa ba, kuma maganar ta bi motoci da yawa a garin nan. Ita nake so ku ji. Amma sai kun san yadda aka koya min tukuna.

Ban fara da ƙuruciya ba. Dako nake yi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, buhun citta, buhun masara, doya. Jirgi ya rage zuwa, daga baya ya zama sai mu wuni muna kallon layin dogo. Ina da mata da ɗa ɗaya a lokacin. Sai na je wurin Baba Lasisi mai faci, wani Bayarabe da ya girma a garin har Hausarsa ta fi Yarabancinsa. Ya dubi hannuna, bai dubi fuskata ba. Ya ce in zo gobe da asuba.

Aikin farko da ya sake min shi ne tub na wata akori-kura mai ɗaukar itace. A lokacin da wuta ake faci. Ka kankare wurin hujin, ka shafa sholisho, ka ɗora ɗanyar roba, ka matse da ƙarfe, sannan ka zuba kananzir a cikin tsohon fistin mota da ke samansa ka kunna. Yawan kananzir shi ne aikin. Ya yi kaɗan, facin bai nuna ba, zai ɓalle a hanya. Ya yi yawa, ka ƙona tub. Na ƙona. Baba Lasisi bai zage ni ba. Ya rataye tub ɗin a ƙusa daidai inda nake zama, ya bar shi nan wata uku. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Aikin Sale ne."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Liba uku da maƙeri ya ƙera daga sifirin babbar mota. Guduma biyu. Jak ɗaya mai mai, sifana mai gicciye, da geji da yake ajiyewa a aljihun gaba, ba ya ba kowa. Bakinsa ba haƙoran gaba. Zoben wilin tirela ne ya tashi yana ba ta iska, ya same shi. Saboda haka har yau ba na tsayawa a gaban babbar taya idan ana hura ta, a gefe nake tsayawa. Ku da kuke zama a kanta kuna danna waya, kun ji.

Babban abin da ya koya min shi ne karatun taya da hannu. Ban yi boko ba, shi ma bai yi ba. Lambar girman taya muna ganewa, sauran rubutun Turancin da ke jikinta kuwa ado ne a wurinmu. Ya ce, "Danna farcenka. In roba ta karɓi farce ta dawo, tana da rai. In ta ƙi, ta mutu, ko da zanenta bai taɓu ba." Ya koya min in bi gefenta da tafin hannu ina neman kumburi, in leƙa cikinta ina neman wayar da ta fito, in buga da liba in saurari amsarta. Duk gaskiya ya koya min. A kan tayoyin da ya sani, maganarsa ba ta taɓa tashi ba. Ya rasu kafin wadda zan ba ku labarinta ta iso.

Shekara huɗu na yi a wurinsa, sannan na kafa rumfata kusa da tashar mota. Masu zuwa iri-iri ne. Akwai direbobin Jos, su birki da hawan dutse ne damuwarsu. Akwai masu kwasar citta daga ƙauyukan Kwoi da Kachia, waɗanda ke loda mota har taya ta kwanta, sannan su ce in ƙara iska. Akwai ma'aikacin da zai shuri taya da takalmi ya ce min iskar ta isa. Liman ya zo, fasto ya zo, benci ɗaya suke zama. Taya ba ta tambayar inda kake ibada.

A cikinsu akwai Bitrus, mutumin Godogodo. Bas yake ja mai ɗaukar mutum goma sha takwas. Mutum ne mai surutu da dariya, hannunsa na hagu kullum a kan taga yana gaida mutanen hanya. Na girme shi da kusan shekara goma. Ba ya sa taya sai na taɓa ta.

Wata rana aka sauke min lodin tayoyin gwanjo, irin waɗanda ake kawowa daga ƙasashen Turawa. A cikinsu na ga wasu da ban saba gani ba. Zanensu mai zurfi, yatsa na shiga. Kowane ƙulli na zanen yana da ƙananan tsaga kamar an bi shi da reza. Na danna farce, robar ta karɓa kamar tuwo. Ban taɓa jin gwanjo mai rai haka ba. Kuma sun fi sauran araha. A gefen kowace akwai ɗan hoto: dutse mai kai uku, a cikinsa wani abu kamar fure.

Bitrus yana kan benci tare da wasu direbobi huɗu ko biyar. Ya juya ɗaya da ƙafa, ya ce, "Baba Sale, wannan zane fa? Menene shi?"

Duk suka juyo suna jira. Na sake duban hoton. Dutse na gani, zane mai zurfi na gani, roba mai laushi na ji. Na ce, "Ba ka gani ba? Dutse ne. Ta hawan dutse ce. Don irin hanyar Jos aka yi ta."

"Kai. Har da fulawa a ciki."

"Alamar kamfani ce."

Shi ke nan abin da ya faru. Ba wanda ya gaya min, ni na haɗa. Bitrus ya sa biyu a ranar. Damina ce, hanya da ruwa da taɓo, tayar ta kama ƙasa sosai. Ya dawo tasha yana ba kowa labari, wai ya hau gangaren Jos mota ba ta ko girgiza ba. Kafin damina ta wuce sunan ya zauna. Mai dutse. Direba zai tsaya ya leƙo ta taga ya ce, "Akwai mai dutse?" Sauran masu faci suka ɗauka. Na taɓa jin wani a Kachia yana rantsuwa wai haka Turawa ma ke kiranta. Na bar shi a haka.

Na ga alamu, ba zan ce ban gani ba. Da bazara sai su dawo min sun suɗe da wuri, wata ma ƙullin zanen ya guntule. Wasu suka fashe a hanya. Na ce lodi ne. Na ce ramuka ne. Na ce direbobin yanzu ba sa duba iska. Duk akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ban nemi wani dalili ba.

Sai shekarar da citta ta ruɓe a gona. Ku da kuke nan kun tuna. Ganye ya yi rawaya, a tona a tarar da ruwa mai wari. Wanda bai noma citta ba ma ta taɓa shi, domin kuɗinta ne ke juya garin. Fasinja ya ragu. Direba ya koma yana cusa mutum huɗu a kujerar uku, ya ɗaura kaya a sama, don tafiya ɗaya ta yi aikin biyu. Sabuwar taya ba mai tambayarta. Na yi kwanaki ban kunna inji ba sai don babur. Na yi facin tayoyin da ya kamata a yar, domin mai su ya ce in ban yi ba wani zai yi.

Gonar Bitrus ta tafi gaba ɗaya. Bas ɗin ce kaɗai ta rage masa, ita ke ciyar da gidansa da na ƙaninsa. Da sanyi ya fara janyewa ya kawo min ita, tayoyinta huɗu sun zama kamar tafin hannu. Ya ce abin da ke hannunsa zai kai sababbi biyu, ko gwanjo huɗu.

"Kai za ka zaɓa min, Baba. Ni dai mota na ya tsaya da ƙafa huɗu."

Na ce ya ɗauki mai dutse huɗu. Ni na zaɓo su daga tuli, na danna kowace da farce, na leƙa cikinsu, na ɗaura, na auna iska da geji sau biyu. A iya abin da na sani, aikin ba shi da aibi.

Bayan kamar sati biyar, ana dab da bikin Ista, zafi ya kai inda kwalta ke kama takalmi. Da rana tsaka wata ƙaramar mota ta tsaya, ƙusa ta shiga tayar baya. Mai ita yana sanye da yadin anko na jana'iza. Ya ce sunansa Danladi, mutumin Kagoro ne, ya zo binne mahaifiyarsa. Ya daɗe a wata ƙasar Turawa mai tsananin sanyi, bas yake ja a can. Na yi masa gaisuwa, na shiga aiki. Shi kuma ya tsaya gaban tulin tayoyina ya daɗe yana kallo.

"Baba, wa ke sayen waɗannan?"

"Kowa. Mai dutse ce."

"Mai me?"

"Mai dutse. Ta hawan dutse. Ga hoton nan a jiki."

Ya tsuguna, ya share hoton da babban yatsa. "Wa ya gaya maka haka?"

Na ce kowa ya sani. Ban ce ni ne ba.

Ya ce, "Abin da ke cikin dutsen nan ba fure ba ne. Dusar ƙanƙara ce. Haka ƙwayarta take idan ta sauko daga sama. Wannan tayar sanyi ce."

Na ce mu ma muna da sanyi, ya san Kagoro a ƙarshen shekara. Ya yi murmushi kaɗan. Ya ce sanyin da yake nufi, in ka zuba ruwa a titi da safe, kafin ka juya ya zama gilashi. A irin wannan sanyin roba ta kullum tana sandarewa kamar katako, ka taka birki mota ta ci gaba da tafiyarta. Shi ya sa aka yi wannan da laushi, don ta ƙi sandarewa. Ƙananan tsagar nan kuma su ke buɗewa su ciji ƙanƙara.

"Kada ka zage ta, Baba. Taya ce mai kyau. Wata safiya ina gangarowa da mutane cike da bas, motar gabana ba ta sa irinta ba. Na ga tana juyawa a tsakiyar titi kamar faifai. Na taka birki, na ji tawa ta kama. Tsakanina da ita bai fi nan da rumfarka ba na tsaya. Ba don tayar nan ba, da ni aka fara kawowa gida a akwati kafin Mama."

"To in sanyin ya wuce fa?"

"Sai a cire. Kowa yana da wili huɗu a ajiye da tayoyinsu a jiki, na sanyi daban, na zafi daban. Sau biyu a shekara ake sauyawa. Kuma ranar da muke cewa zafi ya zo mu cire ta, da a nan ne da kuna cikin rigar sanyi kuna jin wuta."

Na ajiye liba. Na ce, "A rana irin ta yau fa?"

"Tana ɗaukar zafi ta riƙe. Laushin ya wuce ƙa'ida, birki ba ya kamawa da wuri, roba na cinyewa. Kuma wadda ta iso nan, a can an riga an gama da ita ne aka yar. Ka ƙara mata lodi, ka ƙara gudu, ka ƙara kwaltar azahar." Ya dunƙule hannu ya buɗe shi farat ɗaya, kamar abu ya fashe.

Sai na tuna Bitrus ya wuce ta gabana da safiyar nan, ya danna min oda. Matan zumunta ya ɗauka na wani coci, za su taro a Kagarko su dawo a ranar. Na ga motar. Cike take, da tukwanen kiɗa da kulolin abinci a sama.

Na kira shi a waya. Ina jin waƙar mata a bayansa.

"Baba Sale, lafiya? Ko kewa na ka yi?"

"Yaushe za ka taso?"

"Da an rufe da addu'a. Rabin su ma suna cikin mota."

"Kada ka taso. Jira rana ta yi sanyi. Tayoyin nan ba na zafi ba ne."

Ya yi dariya. "Wane taya? Mai dutse? Kai ka sa min shi da hannun ka."

"Na yi kuskure."

"Baba, faɗa min gaskiya. Sabon kaya ya zo ne kana neman wanda za ka sayar wa?"

"Bitrus, na taɓa kiranka a waya?"

Ya daina dariya. Sannan ya ce, "Ba zan iya jira ba. Mata sun bar yara a gida. Kuma ka san hanya nan, ba a bari duhu ya same ka."

Wannan gaskiya ce. Na ce, "To tafi a hankali. Ko keke ya wuce ka, ka bar shi. Ina zuwa."

"Kana zuwa ina?"

Wayar ta yanke. Na sake kira ba ta shiga.

Danladi ya ji komai. Na ɗaura masa tayarsa, ya ce, "Kana da wasu na kirki girman nasa?" Ina da biyu a kan wilinsu, na wata bas da ke gareji ana mata inji. Ya buɗe but ɗin motarsa, muka saka su, da jak ɗina da sifana da katako biyu. Na ce masa yana cikin makoki, gida na jiransa. Ya ce, "Shiga mota, Baba."

Muka kama hanyar Kagarko. Duk bas da ta tunkaro ina duba lambarta. Muka wuce Kwoi ba mu gan shi ba. Na fara cewa a raina ko ya ji magana ya tsaya. Gaba kaɗan, inda hanya ke sauka ta yi kwana, muka ga mutane tsaitsaye da babura a gefe.

Bas ɗin na kwance a kan gefenta na hagu cikin kwata. Mata na zaune a ƙasa cikin zanensu iri ɗaya, wasu da jini a fuska, wata na riƙe da kafaɗa. Tukwanen kiɗa sun farfashe a kan titi. Shugabarsu, wata dattijuwa da suke kira Mama Saratu, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, kowace na amsawa. Duk sun amsa.

Bitrus na ciki. Hannunsa na hagu yana ƙarƙashin motar, tsakanin ƙarfen taga da ƙasa. Mutanen ƙauyen suna ta ƙoƙarin ɗaga ta da ƙarfi, ta ɗan tashi ta koma, kowace komawa kuma a kansa take. Na ce su dakata. Na tona ƙasa da liba a ƙarƙashin ginshiƙin ƙofa, inda ƙarfe ke da ƙarfi, na shimfiɗa katako, na kafa jak. Ina bugawa a hankali, Danladi na tura wili biyun da muka kawo ƙarƙashi, don ko jak ya zame kada motar ta dawo. Amfanin da suka yi ke nan a ranar. Da ta tashi kamar taƙi ɗaya, maza uku suka jawo shi ta gilashin gaba.

Idonsa biyu. Ya dube ni ya ce, "Ka zo ɗin." Danladi ya ɗaure hannun da ɗankwalin wata mata, aka sa shi a motarsa tare da mata biyu da suka fi jin ciwo, suka tafi asibiti.

Na tsaya na duba tayar. Ta gaba ce ta hagu. Zanen ya saɓule daga jikinta kamar an feɗe akuya, waya a waje. Na taɓa sauran ukun. Ba a iya barin hannu a kansu, robar na manne wa yatsa.

Mama Saratu ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba ta san ni ba. Ta ce, "Tun daga Kagarko yake tafiya kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Har muna masa tsiya, muna cewa ko amarya ce a motar ba mu sani ba. Ya ce wani tsoho ne ya sa shi. Da gudun da ya kai mu da shi da safe ne, da ba mai kiran sunan kowa a nan. Ubangiji ya saka wa tsohon nan."

Na tattara kayana.

An yanke hannun daga saman gwiwa. Na je ranar ta uku da la'asar. Matarsa ta ba ni kujera ta fita. Ya rame, surutun babu. Muka gaisa, na yi masa sannu. Yana kallon silin ya fara magana.

"Baba Sale, zan tambaye ka. Ranar da na nuna maka wannan zane a rumfa, ka sani?"

"Ban sani ba."

"To me ya sa ka amsa?"

"A gaban mutane ka tambaye ni."

Ya juyo ya dube ni. Na ɗauka zai zage ni, da ya yi da na karɓa. Ya ce, "Kai ka haifi suna, amma ni na yi masa talla. Ba wanda ban gaya wa ba, har 'yan Jos. Mota nawa ke kan shi yanzu?"

Na ce ban san adadi ba. Fiye da rabin tasha.

"In aka sallame ni, mu biyu za mu je mu dawo da shi."

Kafin nan na yi abin da ke hannuna. Waɗanda suka rage a rumfata na bi su da wuƙa na tsaga gefen kowace, yadda ba mai iya ɗaura ta, na ba masu yin takalmi. Duk direban da ya tsaya na gaya masa. Suna ji suna gyaɗa kai suna tafiya. Ɗaya ya ce tun da na daina sayarwa dole in ɓata ta. Ƙarya ta shekaru ba ta fita da magana ɗaya, musamman in mai ƙaryar ne ke maganar.

Ranar taron ƙungiyar direbobi muka je. Bitrus ya yafa mayafi a kafaɗar hagu. Shugaba ya ba ni dama. Ban iya jawabi ba. Na ɗaga guntun taya da na yanko mai hoton, na ce, "Wannan ba ta dutse ba ce. Ta ƙasar ƙanƙara ce. A can tana ceton rai, a nan da bazara tana fashewa. Sunan mai dutse ba Bature ne ya sa ba. Ni na sa, a rumfata, kuma ban san komai ba lokacin da na sa."

Aka fara guna-guni. Wani direban Jos da ake kira Dogo, wanda ya fi kowa baki a tashar, ya miƙe. "Malam Sale, da girmanka. Shekara uku ina kanta, ko faci ban yi ba. Haɗari daga Allah ne. Yanzu don mutum ɗaya ya faɗi sai mu zubar da tayoyinmu? A wannan shekarar? Ka ba mu sababbi ne?"

Wasu suka ce gaskiya ne. Ni kuwa na riga na faɗi iyakar abin da na sani.

Bitrus ya tashi. Mutumin da ba a iya rufe masa baki, a ranar kalma kaɗan ya yi. Ya sa hannun dama ya janye mayafin, ya ninke shi a kan benci, ya tsaya yadda kowa zai gani, da bandejin da komai. Ya ce, "Ni ma shekara na biyar a kan shi, Dogo. Kuma a hankali nake tafiya."

Shugaba bai rufe taron ba, mutane suka fara fita da kansu. Ina tsaye a ƙofa ina ganin manyan direbobi tsugune a gindin motocinsu, suna share gefen taya da yatsa suna neman hoton.

Ba duka suka cire ba. Shekarar ba ta kuɗi ba ce. Wasu suka mai da su baya, wasu suka koma tashi da asuba su tsaya da azahar. Na yi aiki a ranar taron har hannuna ya daina riƙe liba. Rana na shirin faɗuwa, ina haɗa kaya, wata bas ta tsaya a gaban rumfa. Dogo ne. Bai gaishe ni ba. Ya sauko, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ɗauko jak ɗina da kansa ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Ba ni da ƙarfin sayen huɗu. Fara da na gaba."